Yadda ake haɗa ƙungiyar ƙwallon kwando mai iya jure fileyof, da yadda ake gane wanda ya yi ƙoƙari

Assalamu alaikum 'yan uwa masoya ƙwallon kwando. Tambayoyi biyu ne suka ƙi ƙarewa, a gefen fili ko a waya sai an yi min su. Ta farko daga masu ɗan hali ko waɗanda suka samo mai ɗaukar nauyi: ina so in kafa kulob a nan Jos wanda zai shiga lig da gaske, ta ina zan fara tara yara? Ta biyu kuma daga 'yan majalisa masu kwana kallon NBA, ligin Amurka, da BAL, ligin kulob-kulob na Afirka: idan fileyof ya zo, wato wasannin fitar da gwani na ƙarshen kaka, ta yaya za a san wane ya yi ƙoƙari wane kuma ya ɓace? Na haɗa su waje ɗaya don ni a wajena aiki ɗaya ne, abin da za ka duba a jikin ɗan wasa ranar fitar da gwani shi ya kamata ka duba tun ranar da za ka ɗauke shi. Ga yadda nake ganin ya kamata a bi, daki-daki.

1. Kuɗi da takarda tukuna

Kar ka kira yaro ko ɗaya sai ka zauna da biro. Ka je wajen ƙungiyar ƙwallon kwando ta jihar Filato ka tambayi matakin da sabon kulob ke farawa da takardun da hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa, NBBF, ke nema, ka yi wa sunan kulob ɗin rajista a CAC, ka buɗe masa akawun na banki daban da naka. Sabon kulob ba ya faɗawa Firimiya kai tsaye ya haɗu da su Plateau Peaks da Kano Pillars da Gombe Bulls, daga ƙananan rukuni ake haurowa, toh ka san hakan tun yanzu kar ka je kana yi wa yara alƙawarin abin da ba a hannunka yake ba.

Sai lissafi. A ce abin da ka tara na kaka guda naira miliyan 20 ne, misali ne kawai na kawo, kai ka sa naka adadin. Ni yadda zan raba shi: kashi 40 albashi da alawus, kashi 30 mota da masauki da abinci, kashi 10 kayan aiki, kashi 10 lafiya, kashi 10 na ƙarshe a kulle shi kar a taɓa sai an kai fileyof. Kashi 40 ɗin nan miliyan 8 kenan, idan za ka riƙe mutum 15 har da koci da mataimakinsa da mai kula da lafiya na wata 6, kowa zai tashi da kusan dubu 89 a wata in an raba daidai, alhali mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun 2024 dubu 70 ne. Ka ga kenan miliyan 20 da ke da girma a baki ba wani abu ba ce idan ta shiga fili, kuma ba daidai za a raba ba don manyan 'yan wasanka sai sun fi saura.

Kayan aiki: ƙwallaye lamba 7 in maza ne, lamba 6 in mata ne irin su Plateau Rocks masu buga ligin Zenith, rigunan wasa kala biyu mai haske da mai duhu, rigunan tirenin masu juyi, famfo, raga, usur, agogon tsayarwa, kula ta ƙanƙara, bandeji da tef na ɗaure idon sawu. Farashi kullum motsi yake, ka tambaya a Taminus ka kuma tambayi masu kawowa daga Legas kafin ka biya.

*Hattara:* kuskuren da ya fi kashe sababbin kulob shi ne zuba kuɗi a kuɗin sa hannu na mutum biyu masu suna, sai a zo tafiya ta uku babu kuɗin mai. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 mota ce ke cinye kulob, ba albashi ba.

2. Koci kafin 'yan wasa

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani amma mutane na juya shi. Ka ɗauki koci, ku zauna ya faɗa maka irin wasan da yake so, gudu ne da matsa wa abokin karawa tun daga ƙarshen fili, ko kuwa a tsaya a kai ƙwallo wajen senta, wato dogon da ke tsayawa kusa da kwando. Amsarsa ce za ta faɗa maka irin yaran da za a nema. Mu a Jos muna sama da mita 1,200 daga teku, ƙungiyar da ta saba tirenin a nan tana da numfashi, ni da zan zaɓa wasan gudu zan zaɓa.

*Hattara:* oga mai kulob, idan ka ɗauki koci ka bar masa benci. Ranar da ka fara aiko da saƙo daga kujera cewa a sa ɗan wane, yara sun gane wanda ke da iko, daga nan maganar koci ta zama iska.

3. Rubuta gurabe 12 kafin ka sa suna ko ɗaya

Nan ne zuciyar aikin, zan ɗan daɗe a kai.

A dokar hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, wadda muke bi, mutum 12 ake rubutawa a takardar wasa, kwata huɗu ne kowace minti 10, mutum biyar a fili, jimilla minti 200 kenan za ka raba. Ka rubuta 200 ɗin a saman takarda. Biyar ɗin farko a ce kowa minti 28, an ci 140. Uku na benci kowa 15, an ci 45. Saura 15 kacal, mutum biyu za su raba, biyun ƙarshe kuma wata rana ko rigar sama ba za su cire ba. Duk wanda za ka ɗauka ka san a wane layi yake cikin lissafin nan kuma ka faɗa masa gaskiya tun farko.

Guraben kuwa ga yadda nake cika su.

Masu riƙe ƙwallo uku. Foyin gad na farko, wato mai ɗauko ƙwallo ya tsara hari, sai mataimakinsa, da na uku wanda zai iya buga gefe ma. A wasanninmu na gida ana yawan matsa wa mai ɗauko ƙwallo, ƙungiyar da ke da mutum ɗaya tak mai iya haye tsakiyar fili cikin daƙiƙa 8 ba tare da ya zubar ba, ranar da ya yi fawul uku kafin hutun rabin lokaci an gama da ita.

'Yan gefe biyar, kuma a nan zan fi sa kuɗi. Ina son mai tsayi daidai gwargwado, mai dogon hannu, wanda zai iya tsare mutum iri biyu ko uku kuma idan an bar shi shi kaɗai a kusurwa zai jefa tiri, jifan nesa mai maki uku, ta shiga. A cikin biyar ɗin aƙalla biyu su zama masu jifan nesa na gaske, layin tiri na FIBA mita 6.75 ne, wanda yake jefawa a filin unguwa da aka zana layin da gawayi ba lallai ya kai nan ba. Dalilin nacewata a kan wannan shi ne zon, wato tsaron da kowa ke tsare wuri maimakon bin mutum ɗaya. Kusan duk ƙungiyar da ta ga ba ku da jifan nesa za ta koma zon ta cunkushe ƙarƙashin kwando, sentanka ko shi ne ya fi kowa tsawo a Filato zai tsaya yana kallo. Ku tuna yadda D'Tigers, tawagar maza ta Najeriya, suka doke Amurka 90 da 87 a Las Vegas a watan Yulin 2021, tiri 20 suka jefa a wasan nan, Gabe Vincent ya ci 21.

Dogaye uku, ba biyu ba. A NBA sai fawul shida ake fita, a namu biyar ne, kuma dogaye su suka fi kwasar fawul. Ɗaya mai tare kwando da kwaso ribawun, wato ƙwallon da aka jefa ba ta shiga ba, ɗaya mai ƙafa wanda in an yi masa fik-an-rol, wato an tare wa mai ƙwallo mai tsaronsa don ya wuce, zai iya fitowa ya tsaya gaban gad na ɗan lokaci, na uku ko matashi ne ba komai in dai yana da jiki kuma yana jin magana.

Gurbi na 12 ka ba dattijon ƙungiya, wanda ya buga lig shekaru, ya san alƙalan wasa, ya san yadda ake kwana a mota a tashi a buga, yara kuma suna jin nauyinsa. Ko minti biyar ba zai buga ba, amma a masauki da cikin mota shi ne kocinka na biyu.

Sannan tambaya ɗaya da za ka yi wa takardar in ka gama: saura daƙiƙa 10, ana binmu maki ɗaya, wa za a ba ƙwallo? In babu amsa ba ka gama ba. In amsar mutum huɗu ce kuma kowa na ganin shi ne, nan ma ba ka gama ba.

Misalin da nake so a nan na ɗan Zariya ne, Masai Ujiri, da Toronto Raptors ɗin da suka ci kofin NBA a 2019 lokacin yana shugaban kulob ɗin. A cikin 'yan wasan nan babu ko ɗaya da aka zaɓa cikin 14 na farko a diraf, zaɓen sababbin 'yan wasa da NBA ke yi duk shekara. Pascal Siakam ɗan Kamaru na 27 aka ɗauke shi a 2016, Fred VanVleet ma babu wanda ya zaɓe shi. Masai ya tara masu tsaro da masu jifa tukuna, da ya ga abin da ya rage shi ne mutum ɗaya mai karɓar ƙwallon ƙarshe sai ya ba da DeMar DeRozan ya karɓo Kawhi Leonard a 2018, duk da mutanen garin na son DeRozan kaman me, a watan Fabrairun 2019 kuma ya ƙaro Marc Gasol don tare manyan sentoci. Kowane ciniki rami yake cikewa wanda aka riga aka gani.

*Hattara:* kar ka tara masu cin maki kawai. Ƙwallo ɗaya ce a fili. Lakers na 2004 suna da Shaq da Kobe da Karl Malone da Gary Payton, Detroit Pistons masu tsaro suka cinye su 4 da 1. Brooklyn ta haɗa Durant da Harden da Kyrie, wasa 16 kacal suka buga tare su ukun. Miya ba ta yin daɗi don an cika mata nama an manta gishiri.

4. Inda za ka nemo su, da yadda ake gwaji

Ka fara da gida don ɗan gida ba ya cin kuɗin masauki. Ka zaga filayen unguwanni da yamma, Tudun Wada, Bukuru, Dadin Kowa, wajen Rwang Pam, ka leƙa 'yan Jami'ar Jos, ka bi gasar makarantun sakandare ta Milo don ganin masu tasowa. Abin da ka rasa a gida sannan ka nema a Kaduna, Zariya, Bauchi, Makurɗi, Abuja.

Gwajin ka yi shi kwana uku aƙalla, a wannan jerin:

Rana ta farko awo da gudu. Ka auna tsawo ba takalmi, ka auna faɗin hannu daga yatsa zuwa yatsa, wannan na biyun ya fi na farkon amfani wajen tsaro. Sai gudun layi zuwa layi, da an gama nan take kowa ya jefa firi-turo 10, wato jifan kyauta daga layi, yana haki, ka rubuta. Wanda ke jefa 9 da sanyin jiki amma 4 in ya gaji, 4 ɗin ce gaskiyarsa don a kwata ta huɗu ba wanda ke da sanyin jiki.

Rana ta biyu uku-da-uku a rabin fili. A nan babu wajen ɓuya, za ka ga wanda ya iya sikirin, wato tare wa abokinsa mai tsaronsa da jiki, wanda ke magana lokacin tsaro, wanda ke miƙa ƙwallo in an rufe shi.

Rana ta uku biyar-da-biyar, kana cakuɗa su duk bayan minti 10. Ka sa wanda kake ganin tauraro ne cikin mafi raunin tawaga ka ga halinsa, zai ja su ne ko zai fara harara da ɗaga hannu. Ka kuma kalli mutum lokacin da ƙwallo ba ta hannunsa, da yadda yake komawa baya bayan ya yi kuskure.

*Hattara:* bidiyon da yaro zai turo maka ta WhatsApp an yanke duk inda ya ɓarar, ka nemi cikakken wasa ɗaya ko ka ƙyale. Wanda ya zo daga Legas ko Fatakwal kuma kar ka yanke masa hukunci a ranar farko, iskar Jos da sanyin hunturu sai sun ɗan ba shi wuya kafin ƙirjinsa ya saba. Batun shekaru ma ka duba takardun makaranta da NIN su yi daidai da juna, rage shekaru na iya jawo wa kulob gaba ɗaya hukunci a gasar matasa.

5. Likita, sallama, kwantiragi

A wannan jerin, kar a juya. Likita tukuna: a duba zuciya da ECG, hawan jini, jinotayif, gwiwa, idon sawu da ƙashin baya. Yaranmu a kan siminti suka taso, da yawa suna ɗauke da ciwon gwiwa suna ɓoyewa don kar a ƙi su. Ba wai ka kori duk mai tsohon ciwo ba ne, ka dai san abin da ka ɗauka.

Sai takardar sallama daga tsohon kulob ɗinsa, a rubuce da sa hannu. In daga wata ƙasa ya zo, Nijar ko Kamaru ko Benin, sai hukumar ƙasar can ta ba da takardar izini ta tsarin FIBA. Maganar baki ta “ai mun rabu lafiya” ba ta tsayawa gaban kwamitin ƙorafi.

Sannan kwantiragi, shafi biyu ma ya isa in dai akwai waɗannan: wata nawa, nawa ne a wata da ranar biya, alawus ɗin wasa da na nasara, wa zai biya in ya ji ciwo a fili ko a tirenin, hukuncin fashin tirenin, da abin da kulob zai samu in wani babban kulob ya zo nemansa a tsakiyar kaka. Ɗalibi a rubuta masa yadda za a yi da lokacin jarrabawa. In kaka ta faɗa cikin azumi a yi magana tun da wuri a mayar da tirenin mai nauyi bayan shan ruwa, ba abin tsoro ba ne, Hakeem Olajuwon yana azumi ya zama gwarzon wata na NBA a Fabrairun 1995, amma shi yana da masu kula da cin sa da shan sa, naka yaran kai ne za ka kula.

*Hattara:* don Allah kar ka rubuta adadin da ba za ka iya biya ba. Ƙaramin albashi mai zuwa a kan lokaci ya fi babba mai bashi, yaron da yake bin kulob bashin wata uku ba zai jefa jikinsa a ƙasa don ƙwallo ba, kuma ba za ka ga laifinsa ba.

6. Ɗan waje

Sabon kulob bai da buƙatarsa. In Allah ya ɗaga ku har ana maganar BAL, can akwai ƙa'ida, a kakar farko ta 2021 a Kigali an yarda da baƙi har huɗu amma biyu kacal daga wajen Afirka. Ka ɗauki baƙo ne don ramin da babu ɗan gida mai cikewa. Rivers Hoopers da suka zo na uku a BAL ta 2024 ƙarƙashin koci Ogoh Odaudu sun daɗe suna gini a gida kafin su kai nan.

7. Fara rubuta alƙaluma daga wasan sada zumunta na farko

Kayan da ake buƙata ba su da yawa: waya mai kyamara mai kyau, abin kafa ta mai ƙafa uku, fawa bank, da mutum biyu masu natsuwa, ɗaya na kira ɗaya na rubutawa. In akwai laftof ana iya amfani da manhajar FIBA LiveStats, in babu littafi mai layi ya wadatar. A kafa wayar a sama daidai tsakiyar fili yadda za ta ɗauki mutum goma, ba a riƙa bin ƙwallo ba.

Abu huɗu za ka fi bi: yawan jifan da ke shiga, zubar da ƙwallo, ribawun musamman na kwandon abokan karawa, da firi-turo. Ka ƙara da rubuta su wa da wa ke fili duk lokacin da aka yi canji da yadda maki yake, bayan wasa shida ko bakwai za ka fara ganin biyar ɗin da suka fi dacewa da juna, kuma sau da yawa ba su ne biyar ɗin da suka fi suna ba.

8. Shirin fileyof

A nan ne nake saɓawa da masu kwafo NBA kai tsaye. Can ana buga wasa har bakwai da ƙungiya ɗaya, wanda ya fara cin huɗu ya wuce, akwai hutun kwana ɗaya ko biyu a tsakani, shi ya sa koci ke rage benci zuwa mutum takwas. Mu a nan an saba tara ƙungiyoyi takwas ko huɗu na ƙarshe a gari ɗaya a yi ta bugawa kusan kullum, a BAL ma a kakar 2024 da aka kai zagayen fitar da gwani wasa ɗaya ne, ka faɗi ka tafi gida. Toh wanda ya ƙona mutum bakwai minti 35-35 a kwana biyun farko, ranar kusa da ƙarshe ƙafafunsu sun mutu, tiri ta fara bugun gaban ƙarfe. Mu mutum tara ko goma muke buƙata waɗanda za a iya amincewa da su, kuma amanar nan tun a tsakiyar kaka ake gina ta da ba su mintuna na gaske.

Sati biyu kafin tafiya: a rage gudu a tirenin a ƙara firi-turo da bitar yadda za a shigo da ƙwallo bayan tayim-awut, ɗan hutun da koci ke nema a tsakiyar wasa, a tanadi tsarin fasa zon guda biyu da na fasa matsi guda ɗaya, a kalli bidiyon abokan karawa a rubuta wa kowane ɗan wasa layi uku kacal a kan wanda zai tsare, hannun da ya fi so, inda yake jifa, abin da ke ɓata masa rai. A isa garin da kwana biyu in gari ne mai zafi, yaran Jos na shan wuya a zafin Kano ko danshin Fatakwal, a cika ruwa da gishirin ORS. Kashi 10 ɗin nan da aka kulle yanzu ne ake buɗe shi.

*Hattara:* kar a kawo sabon mutum daf da fileyof sai dai in wani ya ji ciwo. Kar kuma a bar maganar bonas sai an isa masauki, a gama ta a gida a rubuce.

9. Yadda ake musun wa ya yi ƙoƙari

Yanzu ga na 'yan majalisa, kuma mai kulob ma ya karanta don da wannan zai san wanda zai riƙe.

Na farko, kar a ce maki nawa ya ci sai an ce jifa nawa ya yi. Lissafin mai sauƙi ne: ka ninka yawan firi-turo da ya jefa da 0.44, ka haɗa da yawan jifansa na fili, ka ninka jimillar da 2, sai ka raba makinsa da abin da ya fito. Giannis na Milwaukee a wasa na shida na zagayen ƙarshe na NBA a 2021 ya ci 50, jifa 25 a fili, firi-turo 19 wanda 17 suka shiga, lissafin ya ba da kusan kashi 75 cikin 100, ga ribawun 14 ga bulok 5, wato tare jifa. Wannan babu musu a ciki. Amma mai maki 30 da jifa 30 bai taimaki kowa ba, ko da shi ne a saman takarda.

Na biyu, wa ya tsare shi, shi kuma wa ya tsare? A 2015 LeBron na Cleveland ya yi matsakaicin maki 35.8 da ribawun 13.3 da asis, wato miƙa wa wanda ya ci, 8.8 a wasannin ƙarshe, amma jifansa bai kai kashi 40 ba, aka ba Andre Iguodala na Golden State wanda ya tsare shi kyautar gwarzo. Ni ra'ayina LeBron ne ya fi kowa a filin nan, abokan wasansa sun ji ciwo, ba Kevin Love, ba Kyrie bayan wasan farko, dole jifa ya yi masa yawa. Amma wanda ya ce Iguodala ma yana da hujja, shigarsa cikin biyar na farko daga wasa na huɗu ne ya juya abin. Irin wannan musun nake so, kowa da abin da zai nuna. Kuma a tarihi mutum ɗaya ne ya taɓa karɓar kyautar yana ɓangaren da aka cinye, Jerry West a 1969.

Na uku, a kalli duka zagayen. Wasa ɗaya ƙwallo na iya ƙin shiga wa kowa. A namu tsarin na wasa ɗaya sai a yi adalci a haɗa duk wasannin da aka buga a garin.

Na huɗu, a faɗi waɗanda ba su buga ba, amma a faɗa ta kowane ɓangare. Masu rage wa Toronto daraja suna kawo 'yan Golden State da suka kara da su a 2019, Durant da ya tsinke jijiyar dunduniya a wasa na biyar da Klay Thompson da gwiwarsa ta tafi a na shida, gaskiya ne, sai dai su ma Toronto OG Anunoby bai buga fileyof ɗin ba saboda tiyatar afendis. Haka Haliburton na Indiana da ya ji ciwo ya faɗi a kwata ta farko ta wasa na bakwai a 2025, dole a ambata in ana maganar kofin Oklahoma, amma ba ya goge wasanni shidan da suka gabata.

Na biyar, a koma bidiyo a kalli minti biyar na ƙarshe in tazarar ba ta wuce maki biyar ba. Ba wanda ya jefa ta ƙarshe kawai ba, wa ya zubar, wa ya bar mutuminsa ya kwaso ribawun, wa ya yi fawul ɗin banza bayan ƙungiya ta cika fawul huɗu na kwata har aka ba su firi-turo kyauta.

Na shida, a raba laifin ɗan wasa da na koci da na mai kulob. In an rufe tauraronka da mutum biyu ya miƙa wa na kusurwa ya ɓarar sau shida, wannan ba tauraron ne ya ɓace ba, komawa za a yi mataki na 3 a tambayi wanda ya haɗa ƙungiya ba masu jifa.

*Hattara:* in yaranmu na gida ake magana a sassauta harshe. Suna karantawa, iyayensu na karantawa, wani ma da bashin albashi ya buga wasan. A soki wasan da hujja, a bar zagi.

10. Sati na farko bayan an dawo

Ka biya duk bashin da ake bin ka kafin kowa ya watse. Ku zauna da koci da littafin alƙaluma da bidiyo, ku raba sunaye 12 gida uku: waɗanda suka iya tsayawa a fili a wasannin ƙarshe, waɗanda shekara ɗaya za ta gyara su, da waɗanda za a sallama. Na gidan farko a sabunta musu kwantiragi a satin nan kafin wasu kulob su fara kiran waya. Na gida na biyu kowa a ba shi abu ɗaya da zai yi aiki a kai lokacin hutu, hannun hagu ne ko firi-turo ko ƙarin jiki, a sa ranar da za a sake gwada shi. Na gida na uku a kira kowa shi kaɗai a faɗa masa baki da baki, a miƙa masa takardar sallamarsa a ranar don ya samu ya nemi wani kulob kafin a rufe rajista.